Akwatin Sa'a

Ranar Juma'ar da Malam Dawuda ya ce Ja'afar ya zo ya gan shi, Ja'afar bai zo ba.

Tun da aka sauko daga masallaci 'yarsa Saudat ta share falon baƙi, ta turara shi, ta jera dabino da ƙananan kofunan gahawa. Mahaifiyarta Hajo ta dafa shinkafa da naman rago kamar ranar salla. Malam Dawuda, wanda ya shekara talatin yana ɗinkin jallabiya a shagonsa da ke ƙasan gidan a unguwar Rusaifa, kusa da Harami, ya sa farar rigarsa mafi kyau, ya kuma kira ƙanensa Mahadi daga unguwar Zahir don ya taya shi zama.

Aka yi La'asar. Gahawa ta huce, aka sake ɗumama ta. Ana gab da kiran Magariba saƙon Ja'afar ya shigo wayar Saudat.

"Ki yafe mini. Wasan da muka haɗa ya lalace a wayoyin mutane tun asuba, manaja ya hana kowa fita sai an gyara. Don Allah ki ba Baba haƙuri, gobe zan zo."

Ta karanta sau uku. Sannan ta je bakin ƙofar falo ta durƙusa ta faɗa.

"Me ya lalace?" in ji Malam Dawuda.

"Wasan, Baba."

"Wasan," ya maimaita. Ya dubi ƙanensa. "Mahadi, wanke hannu mu ci abinci."

Bai ƙara cewa komai ba, kuma wannan ya fi damun Saudat fiye da a ce faɗa ya yi.

Shekararta ashirin da huɗu, tana koyar da mata karatun Alƙur'ani a wata makaranta a unguwar. Shekara biyu ke nan suna tare da Ja'afar, ɗan Zariya mai aiki da wani ƙaramin kamfani a Jidda da ke haɗa wasannin waya. Shekara biyun nan kuma Malam Dawuda bai taɓa kiran abin da sunan aiki ba. Gefe guda ga Sabitu, ɗan amininsa, mai motocin ɗaukar alhazai, wanda duk lokacin Hajji yake da ma'aikata a tantunan Mina. Sabitu ba mugun mutum ba ne. Bai taɓa tare ta a hanya ba, bai taɓa neman lambarta ba. Shagon mahaifinta kawai yake zuwa ya zauna su yi hira, kuma in ya ce ƙarfe huɗu zai zo, ƙarfe huɗu yake zuwa.

Washegari da safe Saudat ta tarar da Hajo a kicin, ta juya wa ƙofa baya tana latsa waya. Ta leƙa, sai ga raƙuma a jere suna tsallake tudun yashi. Wasan su Ja'afar ne.

"Inna!"

Hajo ta kife wayar. "Rufe mini baki. Kwana tara ina maƙale a wuri ɗaya, raƙumin ƙarshe kullum sai ya faɗa rami. Jiya kuwa ƙi buɗewa ya yi gaba ɗaya, shi ya sa na san yaron nan ba ƙarya ya yi ba."

"To ki faɗa wa Baba mana."

"In ce masa me? In ce ni ma ina bugawa?" Ta mayar da wayar cikin zane. "Ke dai yi addu'a yau ya iya bakinsa."

Bayan Azahar Ja'afar ya iso. Saudat ta hango shi ta tagar bene lokacin da yake sauka daga tasi. Ya rame, idanunsa sun yi ja, jallabiyarsa kuma da alama a hanya ya saye ta, don har layin ninki bai baje ba. Da ya shiga falo ta lallaɓa ta tsaya a bayan labulen da ya raba falon da cikin gida.

Ya durƙusa ya gaida Malam Dawuda da Baffa Mahadi, ya ba da haƙurin jiya. Malam Dawuda ya bar shi a durƙushe ɗan lokaci kafin ya nuna masa wurin zama.

"Ja'afar, faɗa mini aikinka yadda tsoho irina zai gane."

"Baba, mu goma sha tara ne a kamfanin. Wani zane yake yi, wani sauti yake haɗawa. Ni umarni nake rubuta wa kwamfuta. In mutum ya taɓa raƙumi a wayarsa ya taka, ni na rubuta yadda zai taka."

"Me ka samu a ciki?"

"Su suka ɗauko ni daga Zariya, suka yi mini igama, takardar izinin zama, da sunan sana'ata, ba da sunan lebura ba. In na yi rashin lafiya su ke da nauyin asibiti. Abin da na koya wurin abokan aikina cikin shekara huɗu, ban koyi rabinsa a jami'a ba. Kuma ina son aikin, Baba. Watan jiya na shiga tasi a Jidda, muna jiran fasinja ya cika, sai direban ya ciro waya yana buga wasan da na rubuta. Bai san ko ni wane ne ba. Ya ci, ya yi dariya shi kaɗai. Ban taɓa jin abin da na ji ranar ba."

"Ɗayyib, na ji. Me ka rasa a ciki?"

A bayan labule Saudat ta runtse ido. Ta san shi. In aka tambaye shi abu, amsa shi yake yi har ƙarshe.

"Lokacina ba nawa ba ne," ya ce. "In an kusa sakin sabon wasa, sai mu yi wata biyu a ofis muke ci muke kwana. Likita ya ce idona ya fara gajiya, bayana ma haka. Bara mun yi wata bakwai muna gina wani wasa, rana ɗaya mai kamfanin ya ce a watsar da shi, a satin aka sallami mutum biyar. In wasa ya yi kyau, ba wanda ya san da kai. In ya lalace na minti goma, dubban mutane su zage ka har iyayenka."

Baffa Mahadi ya gyara zama. "Akwai kiɗa a ciki?"

"Akwai, amma mutum yana iya kashewa."

"Hotunan mata fa?"

"Babu, Baffa. Raƙuma ne da fatake."

Baffa Mahadi ya gyaɗa kai, kamar ya gamsu. Saudat ta fara sakin numfashi. Sai Malam Dawuda ya ajiye kofinsa.

"Caca fa?"



Saudat ta ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, ta ji wata mota tana hon a titi, amma ba ta ji muryar Ja'afar ba. Cikin zuciyarta tana cewa, ka ce babu, ka ce babu mana.

"Da babu," ya ce a hankali. "Wata huɗu da suka wuce aka sa wani abu, ana kiransa akwatin sa'a. Mutum zai biya, a buɗe masa akwati, bai san abin da ke ciki ba. Wani ya samu raƙumi mai gudu, da yawa su samu abin da ba shi da amfani, sai su sake biya."

"Kai me ka ce da aka kawo shi?"

"Na ce bai dace ba. Mu uku muka faɗa. Manaja ya ce in ba a sa ba kamfanin ba zai kai ƙarshen shekara ba."

"Wa ya rubuta shi?"

"Baba…"

"Ka ce in raƙumi ya taka kai ka rubuta. Akwatin in ya buɗe, wa ya rubuta?"

"Ni na rubuta."

Malam Dawuda ya shafa gemunsa. Muryarsa ba ta tashi ba.

"Na gode da ba ka yi mini ƙarya ba. Da ka ce babu, da ban sani ba, don ni ko saƙo ban iya turawa. Ni ba malamin fatawa ba ne, ba zan ce maka wasa haramun ne ba. Amma jiya na ga wurin da zai iya hana ka zuwa neman aure, gobe zai hana ka kai matarka asibiti. Yau kuma na ji wurin da zai sa ka rubuta abin da bakinka ya ce bai dace ba. Ka bar aikin nan ka nemi wani, sai ka turo manyanka. Na ba ka zuwa bayan Hajji. In ba ka bari ba, zan ba Sabitu izini ya zo ya yi magana da ita. Ban yi wa yayyenta dole ba, ita ma ba zan yi mata ba. In ta ƙi shi sai ta zauna a gabana. Amma kai ban ba ka ba. Halas, magana ta ƙare."

Da Ja'afar ya fito, Hajo ta tura Saudat da hannu. "Minti goma, a kan matattakala, ƙofa a buɗe."

Yana tsaye ƙasa da ita da taki huɗu, takalmansa a hannu. Ta so ta yi magana a natse, amma kuka ya riga ta.

"Me ya sa ka faɗa masa?"

"Tambayata ya yi, Saudat."

"Ai Baffa ya gamsu! Saura kaɗan, wallahi saura kaɗan a ce ka turo. Kalma ɗaya ce, babu. Ka kasa faɗa mini kalma ɗaya?"

"In na faɗa, ranar da wani ya nuna masa a waya fa? In kalle shi da wane ido, ina mijin 'yarsa?"

"Da dai kana mijin 'yarsa!"

Ya sunkuyar da kai. Ta share fuska da gefen mayafinta, wasu hawayen suka sake zubowa.

"Shekara biyu ina kare ka a gidan nan," ta ce. "Ka ce za ka kira bayan Isha, sai washegari. Walimar yayata ba ka zo ba, na ce aiki. Ranar da aka kwantar da Inna ba ka zo ba, na ce aiki. Ƙawayena suna mini dariya, wai saurayina ɗan gem ne, na ce ba su san komai ba. Ban taɓa ce maka ka bari ba, Ja'afar, don na ga yadda fuskarka take in kana ba ni labarinsa. Amma akwatin nan ko ni ba ka faɗa wa ba."

"Kunya nake ji. Ni nake duba bayanan masu wasa kowace safiya. Akwai wani mutum, ban san sunansa ba, lamba kawai nake gani. Rana ɗaya ya buɗe akwatin sau tamanin. Na san ba zai samu abin da yake nema ba, don ni na tsara yadda zai yi wuyar samu. Tun ranar ba na iya cin abinci sosai. Da Baba ya tambaye ni, wallahi sai na ji kamar an sauke mini wani abu daga ƙirji."

Ta dube shi. Fushin ya ragu, tsoro ya maye gurbinsa.

"To ka bari. Ka nemi wani wurin, ai ka iya kwamfuta. Otal-otal suna neman irinku."

"Ba haka abin yake ba. Igamata a hannunsu take, su ne kafilina, da sunansu nake zaune a ƙasar nan. In na ajiye aiki, sai sun yarda kafin in koma ƙarƙashin wani. Mutum biyu sun gwada a gabana, ba wanda aka sakar wa. Huruji aka buga musu, wato hatimin fita, suka bar ƙasar."

"Kana nufin…"

"In na bari, Zariya zan koma."

Ta dafa bango. "Me ya sa ba ka faɗa wa Baba wannan ba?"

"Bai tambaya ba. Kuma zai zama kamar tausayi nake roƙo."

"La ilaha illallahu. Wanda zai kashe ka ka faɗa, wanda zai cece ka ka ɓoye." Ta yi wata 'yar dariya cikin kuka. "To kar ka bari."

"In ban bari ba na rasa ki."

"In ka bari ma ka rasa ni."

"Sai in za ki bi ni."

A Rusaifa aka haife ta. Najeriya a hoto ta san ta, da kuma bakin alhazan da ke zuwa gaida mahaifinta, waɗanda ke dariyar Hausarta mai gauraye da Larabci. Ɗalibanta suna nan, Inna tana nan, Harami tafiyar minti goma ne a mota. Ba ta taɓa kwana a wani gari ba in ba Madina ba.

"Ban ce ki amsa yanzu ba," ya ce.

"Ja'afar, kar ka yi komai sai mun sake magana. Ka yi mini alkawari."

Daga ciki Hajo ta yi gyaran murya. Ya sa takalmansa, ya ɗaga kai ya dube ta, ya sauka. Sai da ta ji ƙofar ƙasa ta rufe sannan ta lura bai yi alkawarin ba.

Lahadi ta kira, bai ɗauka ba. Litinin ya turo cewa suna taro. A kwana biyun nan Saudat ta je makaranta ta dawo, ta yi girki, ta yi wanki, ba wanda ya ga hawayenta. Ta tambayi Hajo ko akwai sanyi a Zariya. Hajo ta dube ta tsawon lokaci, ta ce, "Akwai," sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Ranar Talata da hantsi, tana zuba wa mahaifinta abinci a kwano, hoto ya shigo wayarta. Takarda ce da Larabci, da sa hannun Ja'afar a ƙasa, da hatimin kamfani a gefe.

"Na miƙa musu. Ba don Baba kaɗai ba. Manaja ya ce mai kamfanin zai zo da Azahar ya sa hannu a kan hurujina. Kwana talatin suka ba ni."

Ta kira. Wayar a kashe.

Ta rufe kwanon, ta sa abayarta, ta sauka ta matattakalar baya wadda ke ɓullewa cikin shagon. Malam Dawuda yana kan teburin yanka, almakashi a hannu. Sabitu yana zaune a kujerar bakin ƙofa da kofin shayi. Da ya gan ta ya miƙe zai ba su wuri.

"Zauna, Yaya Sabitu," ta ce. "Gara ka ji da kunnenka."

Malam Dawuda ya ɗago. "Lafiya, Saudatu?"

Ta ajiye kwanon, ta durƙusa, ta miƙa masa wayar. Ya sa tabarau ya karanta takardar a hankali, leɓɓansa suna motsi.

"Ya bari," ya ce. "Madalla. Ashe yana da zuciya."

"Ya bari, Baba. Su kuma za su buga masa huruji, don su ne kafilinsa. Nan da kwana talatin zai koma Zariya."

Almakashin ya tsaya.

"Huruji? Ai cewa na yi ya nemi wani aikin."

"Ba za su sake shi ba. Ya sani tun ranar Asabar."

"Ya sani, bai faɗa mini ba?"

"Ya ce ba ka tambaye shi ba."

Malam Dawuda ya cire tabarau, ya sake mayarwa. Saudat ta yi wa kanta alkawari ba za ta yi kuka a gaban Sabitu ba.

"Baba, ka ce in ya bari ya turo manyansa. Ya bari. Kai ba ka taɓa faɗin magana ka janye ba, ni ma a gidanka na tashi. In ya turo, na yarda. In Zariya ce, Zariya ce."

"Ke? Ke da ko fasfo ɗinki ban taɓa ciro shi daga akwati ba?"

"Sai a ciro."

"Uwarki fa?"

"Ta sani. Kwana biyu ba ta ci abinci ba."

Sabitu ya ajiye kofin shayinsa a ƙasa. Fuskarsa ta canza, idonsa yana kan titi.

Malam Dawuda ya dubi yadin da ya fara yankawa, ya dubi 'yarsa, autarsa, ita kaɗai ta rage masa a gida. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Sha ɗaya saura kwata.

"Da Azahar ya ce mutumin zai sa hannu?"

"Eh, Baba."

"Kira mini shi."

"Wayarsa a kashe take."

"Kin san inda ofishin nan nasu yake?"

"Na san sunan titin da lambar ginin."

"Rubuta mini."

Ta rubuta a bayan wata takardar awo. Ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu. Ya kashe keken ɗinki, ya kashe fanka, ya ɗauko hularsa daga ƙusa. Tun da Saudat ta yi wayo ba ta taɓa ganin ya rufe shago da hantsi ba sai ranar jana'iza.

A bakin ƙofa ya tsaya gaban Sabitu.

"Sabitu, ka ji komai. Ban ɓoye maka ba, ba kuma zan ji haushinka ba in ka ce a'a. Ina so in ga mutumin nan kafin ya sa hannu, tasi kuma zai ɓata mini lokaci. Za ka kai ni Jidda?"

Sabitu ya dubi tsohon. Ya juya ya dubi Saudat, karo na farko da ya taɓa kallon fuskarta kai tsaye. Ta kasa sauke idonta.

Sannan ya sa hannu a aljihu ya ciro makulli.

"Mu je, Baba," ya ce. "In an kira salla muna hanya, mun makara."